Bimbinin Safiya: Hasumiyar Siluwam da Mahaɗar Dikko

Karatu: Luka 13:1-9

Ranar Asabar, 18 ga Janairu, 2025, wata tankar fetur ta kife a mahaɗar Dikko, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, nan kusa da mu. Mai ya malala, mutane suka fito da jarkoki da bokitai. Ana cikin juye man zuwa wata tankar da janareta sai wuta ta tashi. Fiye da mutum 80 suka rasu, har da masu tsayawa kallo. Aka binne da yawansu a kabari ɗaya, waɗanda suka ƙone kuma aka kwaso su zuwa asibitocin Suleja da kewaye.

Hayaƙi bai gama lafawa ba muka yanke hukunci. A teburin mai shayi, a cikin motocin da ke kwasar ma'aikata zuwa Abuja da asuba, har a bakin ƙofar coci, maganar ɗaya ce: kwaɗayi ne ya kashe su. Ba su ji abin da ya faru a Majiya ta Jigawa ba, wata uku kacal kafin nan, inda fiye da mutum 150 suka salwanta ta wannan hanya? Wasu suka ƙara da cewa Allah ne ya kama ɓarayi.

Irin wannan labari aka kawo wa Yesu a karatunmu na yau. Bilatus ya sa an kashe waɗansu Galilawa suna cikin miƙa hadaya. Masu kawo labarin suna jira su ji wane laifi mamatan suka yi har abin ya same su. Yesu bai ba su abin da suka zo nema ba. Sai ma ya ƙaro musu wani hatsarin da suka sani, na mutum 18 da hasumiya ta rufta wa a Siluwam, ya tambaye su ko suna ganin waɗannan sun fi sauran mazauna Urushalima alhaki. Da kansa ya amsa cewa ba haka ba ne, ya kuma gargaɗe su, su masu rai da ke tsaye a gabansa, su tuba tun da sauran lokaci.

Ɗan'uwa, lura da kyau: bai ce mamatan ba su da zunubi ba. Mu ma ba za mu ce ɗibar man da ba naka ba daidai ne, ko mu ce babu ganganci a tsayawa kusa da fetur da janareta na ruri. Gargaɗin jami'an kiyaye haɗura gaskiya ne, a bi shi. Abin da Yesu ya ƙi shi ne a mai da gawar wani madogarar jin cewa ni na fi. Mai cewa kwaɗayinsu ne ya kashe su, a can ƙasan zuciyarsa yana faɗa wa kansa cewa shi yana raye ne saboda kirkinsa. Wannan tunani yana da daɗi, amma ƙarya ne. Hausawa sun riga sun faɗa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bayan da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura zuwa wajen naira 1,000 a farkon 2025. Ɗan acaɓan da ya kwana yana lissafin kuɗin haya da na makarantar yara, ya wayi gari ya ga jarka guda ta kuɗin mako tana gudu a kwata, ka tabbata da kai ne ba za ka sunkuya ba? Wataƙila ba za ka yi ba. To, amma me ka yi ranar da abin da ba naka ba ya zube a gabanka babu mai tsaro? Canjin da mai shago ya ba ka da ƙari ka sa a aljihu ka yi shiru. Mudun da aka buga wa gindi. Rajistar ofis da ka sa wa hannu da safe, ka ɓace sai gobe. Kuɗin ƙungiyar mata ko na matasa da aka "ranta" ba a sanar da kowa ba. Waɗannan ba sa kama wuta a gaban kyamara, shi ya sa muke iya sa fararen kaya ranar Lahadi.

Karatun ya ci gaba da misalin itacen ɓaure da ya shekara uku bai ba da 'ya'ya ba. Mai gona ya ce a sare, mai kula da gonar ya roƙa a ƙara masa shekara guda, ya yi masa kaftu, ya zuba taki. Mu ma irin wannan ƙarin lokaci aka ba mu, don haka kafin ka fita yau, zauna minti biyar, ka kira laifi ɗaya da sunansa, naka, ba na maƙwabci ba. In na mayarwa ne, ka san wanda za ka mayar wa.

Addu'a: Ya Uba, ka ta'azantar da gwauraye da marayun Dikko, ka warkar da masu ɗauke da tabon ƙuna. Ka riƙe harshena yau game da laifin wasu, ka nuna mini nawa, ka ba ni ƙarfin gyarawa. A cikin sunan Yesu, amin.