Bimbinin Safe: Azurfa Mai Tauri Ba Ta Riƙe Dutse

Kafin manomi ya saɓi fartanya, ɗan kasuwa ya buɗe rumfa, uwargida ta hura wuta, bari mu ɗan zauna a kan wani abu da idonmu ya saba da shi har ya daina lura: munduwar azurfa mai buɗaɗɗen baki, irin wadda ake dasa wa jan dutse a gadon bayanta.

A nan Garki da sauran garuruwan masarautar Ringim, ranar biki ko suna aka fi ganinta, sai kuma a hannun matan Fulani masu kawo nono. Wasu daga Kano ake sayo su, a Kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Wasu kuma ta Maigatari suke shigowa, aikin Buzayen Agadas. Bahaushe ya raba ƙira gida biyu: maƙeran baƙi masu garma da lauje da gatari, da maƙeran fari masu zobe da 'yan kunne da mundaye. A da, yawancin azurfar da maƙeran fari ke narkawa kuɗi ce. Akwai wani babban tsabar kuɗi na ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniyarsu Mariya Tarisa, nauyinsa wajen giram 28, wanda fatake suka ƙetaro Sahara da shi. Duk wanda aka buga bayan rasuwarta, 1780 ce a jikinsa, ko da an buga shi bayan shekara ɗari. Ba ƙaramin adadi na mundayen kakanninmu ne suka fito daga wannan kuɗi ba.

Maƙeri zai zuba gutsattsarin azurfa a ɗan kasko, ya tura shi cikin gawayin ƙirya, yaronsa na kan zuga-zugi. Azurfa zalla ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 962. Idan ta zama ruwa, datti ya taso sama, a kwashe a zubar. Da wannan kumfar ce aya ta 17 a Suratur Ra'ad ta buga wa ƙarya misali, gaskiya kuwa ita ce abin da ya saura mai amfanar mutane. Malamanmu sun sha yi mana wannan karatu a tafsirin azumi, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Abin da ya tsayar da ni yana gaba, bayan an juye narkakkiyar azurfa a mazubi ta daskare ta zama ɗan guntun sanda.

Daga nan sai bugu. Maƙeri ya kama sandan da awartaki, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya shiga yi masa guduma yana juyawa, yana miƙar da shi, yana faɗaɗa shi. Da farko azurfa na bin guduma yadda ake so, kowane bugu ya bar gurbinsa. Ana cikin haka sai ta fara gardama. Sautin ya tashi daga mai nauyi ya koma ƙara mai kaifi, guduma ta riƙa tsalle tana komawa hannun mai ita. Bugun da ke gyara ta shi ne kuma ke taurara ta. Idan maƙeri ya kafe ya ci gaba, sai ƙananan tsaga su fito a gefe. Tsagar da ta shiga azurfa kuwa ba a buge ta ta koma. Sai dai a yanke wajen, ko a mayar da komai kasko a sake.

Shi ya sa wanda ya san aikinsa yakan ajiye guduma ya mayar da ita cikin garwashi. Wannan karon ba narka ta zai yi ba. Jira zai yi ta yi ja kaɗan, ja mai duhu wanda ido ba ya kamawa a tsakar rana, dalilin da ya sa za ka tarar da maƙerin fari a zaure ko a rumfa mai inuwa. Da jan ya bayyana sai ya zare ta, ya bari ya dushe, ya tsoma a ruwa ta yi cuu, ya wanke baƙin da wuta ta bar mata da ruwan tsamiya ko na lemun tsami. Sandan da ɗazu ya gagari guduma, yanzu da hannu ma sai ya lanƙwasu. Haka zai yi ta yi, bugu, garwashi, ruwa, bugu, har munduwa ta kai faɗin da ake so.

Mai saye ba ya son wannan jiran. Za ka ji saurayin da ke haɗa lefe yana cewa, "Baba, don Allah a bar mayar da ita wuta, a ƙarasa min yau, motarmu za ta tashi." Tsohon ko ɗago kai ba zai yi ba. "Ɗana, in na ƙarasa maka yau, a hannun amarya za ta karye. Je ka dawo jibi."

To, ɗan'uwa, haka zuciya take. Babu wanda ya wayi gari a Garki da duniya ba ta yi masa guduma ba. Ka je sayen taki ka tarar kuɗinsa ya wuce inda ka bar shi bara. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Ka kai riɗi kasuwa farashi ya faɗi, ga mai bashi a ƙofar gida. Ɗan da ka sayar da akuya ka biya wa makaranta ya dawo da takarda ya zauna a dakali. 'Yar'uwa kuwa ta kwana da maganar da aka yaɓa mata a tsakar gida, ba ta da wanda za ta kai wa ƙara. Ɗaya daga ciki ba ya karya mutum. Taruwarsu ce ke taurara shi a hankali, yadda shi kansa ba ya ankara. Sai dai na kusa da shi su ji sautinsa ya canza. Almajiri ya yi sallama, a da yakan ce a duba ko da sauran tuwo, yanzu tsawa ce. Matarsa ta yi magana, amsar ba ta wuce kalma biyu. A karanta ayar da a da takan sa tsikar jikinsa ta tashi, yanzu lissafin buhu yake yi a bayan liman.

Alƙur'ani bai ɗauki wannan da wasa ba. A Suratul Baƙara, aya ta 74, an ba da labarin mutanen da zukatansu suka kai dutse tauri ko suka fi shi, bayan sun ga aya da idonsu. A Suratul Hadid, aya ta 16, muminai ne aka ja wa kunne kada su bi sawun waɗanda lokaci ya yi musu tsawo har zukatansu suka bushe. A lura, tsawon lokaci aka ambata. Mutum na iya kasancewa bai yi sata ba, bai sha giya ba, sahun gaba yake tsayawa, amma ya daɗe ana bugunsa bai koma inda zai yi laushi ba.

Ba cewa nake duk tauri aibi ne ba. Maƙeri da kansa yana buƙatarsa. Idan ya gama haɗe-haɗensa, zai naɗe munduwar a jikin itace ko ƙarfe mai siffar wuyan hannu, ya bi ta da ƙaramar guduma, ya bar ta da wannan taurin da gangan. Shi ne ke sa ta kama hannu ba ta buɗe ta faɗi a wajen daka ba. Wanda bai taɓa shan wuya ba, ba a ba shi riƙon gida. Amma akwai wuri ɗaya a jikin munduwa da dole a bar shi da laushi, wato gidan dutse.

Ga yadda ake yinsa. Maƙeri zai yanko siririyar azurfa mai faɗi kaɗan, ya zagaye dutsen da ita ya auna, ya yanke, ya haɗa bakin da sinadari, ya goge da magagari, sannan ya liƙa wannan ɗan zoben a gadon bayan munduwa. Jikin munduwa yakan zama azurfa gauraye da jan ƙarfe don ƙarfi. Irin wadda ake buga wa lamba 925, kashi 925 cikin 1000 ne azurfa. Gidan dutse kuwa an fi son a yi shi da wadda ta fi tsarki, don ta fi saurin lanƙwasuwa. Dutsen, yawanci aƙiƙ ne ja, wanda garin Kambat na ƙasar Indiya ya yi suna wajen sassaƙa shi tun ɗaruruwan shekaru, ba ya shiga gidansa sai an gama duk aikin wuta, domin zafin haɗi na iya fasa shi ko ya kashe masa launi. Idan an zaunar da shi, maƙeri ya ɗauki ɗan ƙarfe mai santsin baki ya danna gefen gidan kaɗan ta gabas, ya koma ta yamma, ya danna ta kudu, ya koma ta arewa, yana zagayawa a hankali har azurfar ta kwanto ta rungume dutsen. Ba danƙo, ba ƙusa. Idan gidan ya taurara tun wajen aiki, ko an danna sai ya miƙe ya koma yadda yake. Dutse ya riƙa girgiɗi, wata rana a neme shi a rasa. In kuma aka ce ƙarfi za a sa, ƙarfen ya zame ya karce dutsen ko ya tsaga shi.

Kowannenmu akwai dutsen da aka ba shi ya riƙe. Wani mata ce, 'yar mutane da aka ɗauko daga gidan ubanta da amana. Wani 'ya'ya ne, wani almajirai ne da iyayensu suka kawo daga nesa, wani talakawan unguwa ne, wani tsohuwa ce da ta fara maimaita magana. Mukan ɗauka da tsare gida da ɗaga murya ake riƙe su. Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana ta sanar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa laushin da ya yi wa sahabbansa rahama ce daga Ubangiji, kuma da ya kasance mai kaushi da busasshiyar zuciya da sun watse sun bar shi. Bayan yaƙin Uhudu ta sauka, lokacin da wasu daga cikinsu suka bar wurin da ya tsayar da su, abin da ya faru ya faru. In akwai ranar da shugaba ke da hujjar yin tauri, wannan ce, amma yafiya da nema musu gafara da shawara da su aka umarce shi. Ni dai a ganina, gidaje da yawa da suka watse a ƙasar nan, ba talauci kaɗai ne ya raba su ba. Maigida ne ya sha bugu a waje, ya shigo da taurinsa ciki.

Ina garwashinmu yake? Kada kalmar wuta ta firgita kowa, ba ta azaba ake nufi ba. Suratuz Zumar, aya ta 23, ta nuna cewa ambaton Allah ne ke tausasa fata da zuciyar masu tsoron Ubangijinsu. Salloli biyar da aka rarraba mana cikin yini suna hana bugu ya taru. Kafin na hantsi ya kai ga tsaga, ga Azahar ta zo. Amma sai an bari zafin ya ratsa. Azurfar da aka wuce da ita ta saman garwashi aka cire, baƙi kawai za ta yi, taurinta na nan. Haka sallar da aka dungura aka miƙe kafin liman ya juyo. An kuma ruwaito cewa wani mutum ya kai kukan ƙeƙasar zuciyarsa wurin Annabi, sai ya nuna masa shafa kan maraya da ciyar da miskini. Maganin a hannu yake, kuma babu unguwar da ba ta da maraya.

Wanda ya tausasa wa Annabi Dawuda baƙin ƙarfe, kamar yadda ya zo a Suratu Saba'i, zuciyar bawansa ba za ta gagare shi ba. Wani abin sha'awa kuma, a duniya munduwa adon mata ce. Namiji a mazhabarmu ta Malikiyya zoben azurfa aka yarje masa, wanda bai wuce nauyin dirhami biyu ba. Amma Suratul Insan, aya ta 21, ta lissafa mundayen azurfa cikin adon 'yan Aljanna, kuma tun farkon surar an bayyana su da ciyar da miskini da maraya da kamamme alhali su ma suna son abincin.

Don haka yau, kada ka yi saurin naɗe darduma. Zauna ka yi azkar ɗinka har gari ya waye sosai. Idan ka shiga gida, wanda ka yi wa tsawa jiya ka kira sunansa ka tambaye shi yadda ya kwana. In akwai marayan ɗan'uwanka a hannunka, kokonsa na safe ya zama daidai da na ɗan cikinka. Ke kuma 'yar'uwa, kafin ki mayar da maganar da kika kwana kina shiryawa, ki yi alwala tukuna.

Allah ya tausasa zukatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da ya ɗora mana, ya sa mu wuni lafiya. Amin.