Kansila Na Wa Ne?

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Illela ranar da take ci, ya ga shanu da raƙuma da awaki sun cika kara, ya ga mutanen Konni da na Tawa suna ciniki da mutanen Sakkwato da na kudu, ya san ba ƙaramin arziki ke ratsa garin nan ba. Ana karɓar kuɗin rumfa, ana karɓar na dabba, motar da ta shiga tasha ma takan bar wani abu. Tambayar da muke so mu yi tunani a kanta ita ce: mutumin da muka zaɓa ya zauna a majalisar ƙaramar hukuma domin ya sa ido a kan wannan dukiya, wato kansila, na wa ne shi? Na jam'iyyar da ta tsayar da shi, ko na danginsa, ko na waɗanda suka jefa masa ƙuri'a kaɗai, ko kuwa na duk wanda ke zaune a mazaɓarsa?

Bari mu fara da doka. Tun gyaran da aka yi a 1976, ƙaramar hukuma ta zama mataki na uku na mulki a Nijeriya. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 7, ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, waɗanda yawansu ya kai 774 a ƙasa, 23 daga ciki a Jihar Sakkwato, har da Illela. Jadawali na huɗu ya lissafa ayyukansu: kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu, gyaran hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da kuma sa hannu a harkar makarantun firamare, aikin gona da kiwon lafiya. Waɗannan su ne abubuwan da talaka ke taɓawa da hannunsa kowace safiya.

Jadawali na biyar kuwa ya sa kansila cikin jerin masu riƙe da muƙamin jama'a. Ya hana shi shiga halin da amfanin kansa zai ci karo da aikinsa, ya hana shi karɓar wani abu saboda aikin da ya yi ko wanda ya ƙi yi, ya kuma wajabta masa bayyana kadarorinsa sa'ad da ya hau kujera da sa'ad da ya sauka. Wanda ya saɓa, Kotun Ɗa'ar Ma'aikata tana da ikon tsige shi, ta hana shi riƙe muƙami har tsawon shekara 10, ta ƙwace abin da ya tara ta hanyar cin amana. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon ɗora kantoma a gurbin zaɓaɓɓu. A watan Satumba na wannan shekara aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Sakkwato.

To, amma doka tana da inda take tsayawa, daga nan sai lamiri ya karɓa. Dokar da ta hana cin hanci ta yarda da kyautar dangi da ta abokai gwargwadon al'ada. A ce an yi wa kansila haihuwa, sai wani dillali ya aiko da ragon suna, alhali saura mako guda a raba sababbin rumfuna. A gaban alƙali ana iya cewa zumunci ne. Amma kansila ya tambayi zuciyarsa: da na faɗi zaɓe, da ragon nan ya zo? Idan amsar ita ce a'a, to kujera aka kawo wa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar rabon rumfa, gwauruwar da ba ta da rago ita za ta biya kuɗinsa.

Garin iyaka yana ƙara wa tambayar nauyi. Mai tumaki da ya tsallako daga Konni ba shi da ƙuri'a a Illela. Haka mai shagon da katin zaɓensa ke can garinsu, haka yaron da bai kai shekara 18 ba. Duk da haka biyun farko suna biyan haraji, na ukun kuwa shi ke zaune a ajin da rufinsa ke yoyo. Idan kansila na masu ƙuri'a ne kaɗai, waɗannan ba su da mai magana da yawunsu. Mu muna ganin ƙuri'a ƙofa ce kawai da ya shiga ta cikinta. Da zarar ya yi rantsuwa, ya zama na wanda ya zaɓe shi da wanda ya ƙi shi, na ɗan gari da baƙo, na Musulmi da Kirista. Rijiyar Kalmalo ko ta Araba ba ta tambayar mai guga jam'iyyarsa.

Wani zai ce: ai kansila ba shi da iko, kuɗi da umurni duk daga sama suke zuwa. Akwai gaskiya a nan. Sa'ad da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris na 2024, babu kansilan da ke da mabuɗinta, ko da yake mutanensa ne kasuwarsu ta mutu. Amma ƙarancin iko ba ya shafe alhaki, iyaka dai ya nuna girmansa. Kansila yana iya neman a karanta kasafin kuɗi dalla-dalla kafin a amince da shi. Yana iya ƙin shaidar cewa an haƙa rijiyar da ba a haƙa ba. Yana iya sa a rubuta rashin yardarsa a littafin taro ko da shi kaɗai ne. Yana iya gaya wa mutanensa gaskiyar abin da ya fi ƙarfinsa maimakon yaudararsu da alkawari. Mu tuna, masu karɓar haraji da suka je wurin Yohanna Mai Baftisma bai sa su ajiye aikinsu ba, hannunsu ya yi wa iyaka.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke yin layi a ƙofar kansila tun asuba, wannan da takardar asibiti, wancan da katin biki, wani da kuɗin makaranta. Albashinsa ba zai ɗauki wannan kaya ba, mun kuma sani. Idan ya ba mu, ba ma tambayar inda ya samo. Idan ya hana, mu kira shi marowaci, mu kayar da shi a zaɓe na gaba. Ta haka muke koya wa mai amana sata. Kuɗin maganin da ya damƙa wa mutum ɗaya a zaure, wataƙila daga kuɗin ɗakin shan maganin unguwa duka ya fito.

Saboda haka nauyin namu ne tare. Mu karɓi rasidi duk sa'ad da muka biya kuɗin hukuma. Mu san sunan kansilan mazaɓarmu, mu je masa a ƙungiyance da buƙatar unguwa, ba ɗaya-ɗaya da buƙatar aljihu ba. Mu tambaye shi cikin ladabi abin da aka ware wa mazaɓarmu a bana da inda aka kai. Idan ya tsaya a kan gaskiya aka juya masa baya, kada mu bar shi shi kaɗai. Wanda kuma a cikinmu yake sha'awar kujerar, ya auna kansa tun yanzu: zai iya mayar da ragon nan? Allah ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya ba mu ƙarfin halin taimakonsu a kan adalci. Amin.