Ɗana, Wa Ya San Halin da Kake Ciki?

Ɗana, matso kusa mu yi magana kan wayar nan da ba ta barin hannunka.

Ban ce ka bar Facebook ko TikTok ba. Mutumin Yankara, da ke zaune a bakin iyakar Katsina da Zamfara, ya fi kowa sanin amfanin waya, don da ita ake jin ko hanyar Funtuwa zuwa Gusau lafiya take kafin a hau mota. Abin da ke damuna shi ne wannan baƙon da kake nuna wa duniya da sunanka.

Ai muna gani. Ka ari shaddar abokinka, ka jingina da motar wani Alhaji da ya shiga masallaci, a ɗauke ka, ka goge fuska har mahaifiyarka ba za ta shaida ka ba, ka rubuta "Alhamdulillah" a ƙasa. Sai kuma zaman jira. Bini-bini ka duba mutum nawa suka yaba. In sun yi yawa, ka ɗan ji sanyi. In hoton sa'anka ya fi naka karɓuwa, tuwon dare ma ya ƙi shiga, alhali shi ma aro ya yi. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Ga inda abin ya fi ciwo. Wanda ya nuna wa mutane ya samu, ya toshe wa kansa bakin neman taimako. Ranar da mai bashi ya tsare ka, ko 'yan bindiga suka hana noman gonarku, ko fargabar dare ta hana ka runtsawa, wa za ka kai wa kuka? Kowa cikin daula ya san ka. Dole ka haɗiye, kana murmushi a hoto, abin yana cin ka a zuci. Ban ma taɓo zancen nuna damin kuɗi a ƙasar da ake satar mutane don fansa ba. Masu kai rahoto daji su ma suna da waya.

Tuna Satumbar 2021, lokacin da gwamnatin Gwamna Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Aka shafe watanni babu intanet. Abokan nan da kake ƙirgawa dubu-dubu suka ɓace dare ɗaya. Waɗanda suka rage su ne wanda kuka yi makarantar allo tare, da 'yan majalisarku ta teburin mai shayi, da baffanka da kake ganin ya cika faɗa.

To, yau bayan isha'i ka sa wayar a aljihu, ka taka wurin ɗaya daga cikinsu, ka gaya masa gaskiyar halin da kake ciki. In kuma damuwar ta kai ga barci da abinci sun gagara, ka nemi likita, ba abin kunya ba ne. Allah Ya yi maka albarka.