Rangwamen Ɗalibai da Haƙƙin Sharaɗi

Kamfanonin manhaja irin su Adobe sukan rage wa ɗalibai kuɗin amfani da kayansu, wanda ake biya wata-wata ko shekara-shekara, bisa sharaɗin cewa mai amfanin ya kai shekara 13 kuma yana da rajista a makaranta. Tun da yaran ba su da abin hannu, iyaye ne ke biya, a Ƙofar Kware kamar a sauran unguwannin Sakkwato, kuma daga nan tambayoyi biyu na fiƙihu ke tasowa.

Ta farko ita ce ko biyan ya shiga nafaƙa, wato ciyarwa da ɗawainiyar da shari'a ta ɗora wa uba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta tsara, nafaƙar ɗa namiji lafiyayye tana sauka idan ya balaga, ta mace kuwa sai ta tare gidan mijinta. Manhajar zane ba ta cikin larurorin rayuwa, saboda haka biyanta kyautatawa ce da ake samun lada a kanta.

Ta biyu ta fi nauyi, domin wani uban yakan yi rajistar da sunan ɗansa alhali shi ne zai yi aiki da manhajar a shagonsa na buga katin biki. Rangwamen an ɗaure shi ne da sifar ɗalibta, kuma nisan kamfanin ko yawan dukiyarsa, hujjojin da aka fi fakewa da su, ba sa warware alƙawarin da aka karɓa da son rai. Wannan amfani ha'inci ne, kuma barinsa wajibi ne.