Fatawa: Ba wa ɗan'uwa ƙoda, da sayenta a hannun talaka

Tambaya:

Daga Babban Mutum nake rubutowa, ta ƙasar Baure. Yayana ne ƙodojinsa biyu suka daina aiki. Sau biyu a mako muke bi da shi ta Babura zuwa Kano wankin ƙoda, har gona ɗaya da shanun huɗa sun tafi. Likitoci sun ce sai dashe. Na ce zan ba shi tawa, Inna ta ce ba za ta yi asarar 'ya'ya biyu ba. Ana haka wani ya kawo mana maganar wani yaro daga ƙauyukan Magarya, wai zai bayar in an saya masa babur an yi masa aure. Mene ne hukunci?

Amsa:

Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ba yayanka lafiya, ya sa kaffara ce.

Ba za ka sami dashen ƙoda a Risala ko Muhtasar ba, don ba a san shi ba a zamaninsu. Malaman wannan zamani ne suka zauna da likitoci suka duba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta shi a 1985, ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta bi baya a Jidda a 1988. Akwai waɗanda suka hana, irin su Shehu Sha'arawi na Masar, bisa hujjar cewa jiki amana ne, mutum ba ya kyauta da abin da bai mallaka ba. Hujja ce mai nauyi. Amma mun yarda mutum ya ba da jini, mun yarda ya faɗa rafi don ya tsamo wanda ruwa zai ci. Ni na rinjayar da halacci, bisa sharuɗɗa.

Na farko, kada a gusar da cuta da cuta irinta. Mai lafiya yana rayuwa da ƙoda ɗaya, ya yi noma, ya haihu. Amma in gwaji ya nuna kana da hawan jini ko ciwon suga, ko jininku bai dace ba, likita ya ce a'a, to shari'a ma ta ce a'a. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana wannan aiki tun 2002. Ka tambaye su komai, har kuɗin maganin da yayanka zai riƙa sha muddin rai don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar ƙodar. Gida da yawa a nan suke tuntuɓe.

Na biyu, yarda. A ƙasarmu an fi ƙwatar abu da kunya fiye da sanda. A tara dangi a zaure, baffa ya yi gyaran murya ya dubi ƙaramin cikinsu, shi ko ya sunkuyar da kai ya ce to. Wannan "to" ba yarda ba ce. Balle matar da ke tsoron takardar saki, ko ɗan riƙo da ke cin tuwon gidan. Kai ma ka binciki zuciyarka: in maganar mutane ce ke tura ka, ka janye, ba ka da zunubi.

Game da Inna, ba da ƙoda bai wajaba a kanka ba, kyautata mata kuwa wajibi ne. Kada ka shiga ɗakin tiyata a ɓoye. Ka kai ta ta ji daga bakin likita, a sa wanda take jin nauyinsa ya lallashe ta. Tsoro ne na uwa, yakan kwanta idan ta ga wani da ya bayar yana tafiya da ƙafarsa.

Maganar yaron Magarya kuwa ku rufe ta. An ambaci babur da aure kafin a yanka, ciniki ya tabbata, ko an kira shi tukuici ko goro. Sayar da sashen jikin ɗan Adam haramun ne, haka majalisar Jidda ta yanke, kuɗin dillalin ma haram ne. Yunwa ce ta yarda, ba yaron ba. Dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ta haramta wannan ciniki, kuma a 2023 kotun Ingila ta ɗaure Sanata Ike Ekweremadu kan kai wani matashi daga Legas don a cire masa ƙoda.

Abin da ya halatta shi ne a ɗauke wa mai bayarwa ɗawainiya: kuɗin mota, na gwaji, na jinya, da cefanen iyalinsa har ya warware. In aikin ya faɗo da damina, a biya 'yan ƙwadago su nome masa geronsa.

Allah ne mafi sani.