Iyaka: Raba Mu Take Yi Ko Haɗa Mu?

Mu ɗauki bulon ƙasa guda, irin wanda ake bugawa a Kagarko da rani, mu ƙirga: kusurwa 8, fuska 6, gefe 12. In muka tara kusurwa da fuska, muka ɗebe gefe, saura 2. Dalar Giza ta Masar tana da kusurwa 5, fuska 5, gefe 8. Nan ma saura 2. Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya bayyana wannan ƙa'ida cikin wasiƙarsa ga Goldbach a 1750.

Abin lura shi ne, babu gefen da fuska ɗaya ta mallaka ita kaɗai. Kowane gefe na fuska biyu ne, can ɗaya ta ƙare, can kuma ta riƙe 'yar'uwarta. Haka iyakar gonar citta take. Mukan ce "iyakata", alhali rabinta na maƙwabci ne. Koro da Gbagyi da Hausawa da Fulanin ƙasar Kagarko fuskoki ne mabambanta, kuma ba don iyakokin da suka gama su ba, da babu ginin.

To, wace ɓarna ce gini ke iya jurewa? In magini ya sare kusurwar bulon nan da sara guda, za a sami kusurwa 10, fuska 7, gefe 15. Siffa ta sauya, amma saura 2 ne. A farkon ƙarni na 19 ne Simon Lhuilier ya nuna inda ƙa'idar ke karyewa, wato inda rami ya ratsa abu. Firam ɗin hoto na katako huɗu, in an lissafa layukan mahaɗarsa, yana da kusurwa 16, fuska 16, gefe 32, saura sifili.

Lissafi ba ya yanke hukuncin ɗabi'a, misali kawai yake ba mu. Gardama kan kunya ɗaya ta gona, ko saniyar da ta yi ɓarna, sarar kusurwa ce. Dattawa kan zauna su daidaita, domin zo mu zauna, zo mu saɓa. Ramin shi ne ranar da maƙwabci ya daina yarda da rantsuwar maƙwabcinsa. Rikicin Kafanchan na 1987 ya nuna mana tsadar cike irin wannan rami.

Saboda haka, kada mu ɓata ƙarfinmu wajen neman shafe iyakoki. Amanar da ke tsakiya ita ce abin tsaro.