Tsuntsaye a Bakin Ramin Kuza

Waɗansu samari da 'yammata na ekklesiyoyinmu a Kakuri da Barnawa suka haɗa kuɗin mota, suka tafi Jos da Bukuru domin kallon tsuntsaye. Da suka komo, wani dattijo ya tambaye su, ya ce, "'Ya'yana, kun san wanda ya haƙa tafkin da kuka tsaya bakinsa?" Ba mai amsa.

Tafkunan nan ramukan kuza ne. Kamfanonin Turawa suka haƙa su a gonakin Birom, suka kwashe kuza zuwa Ingila. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin yaƙin Hitila, aka tara dubban talakawa daga lardunan Arewa, aka kai su aikin tilas cikin sanyin Filato. Da yawa ba su koma gida ba. Yau ruwa ya cika ramukan, zalɓe da belbela suna kiwo a bakinsu.

To, ya kamata mai bi ya yi murna a wurin da waɗansu suka yi kuka?

Mu dai mun ce ya kamata. Ubangijinmu da kansa ya umurci almajiransa su lura da tsuntsaye, a ƙasar da sojan Roma ke takawa. A dajin Amurum, gabas da Jos, inda aka kafa makarantar binciken tsuntsaye a 2001, akwai wani ɗan jan tsuntsu na duwatsu wanda masana ba su ba shi suna ba sai 1998. Duk shekarun nan Allah yana ciyad da shi, ba wanda ya rubuta shi a littafi. Wanda ya gan shi bai yi godiya ba, ai ya yi rowa.

Amma dattijon nan yana da gaskiya. Idon da ya iya rarrabe tsuntsu da tsuntsu daga nesa, yaya zai kasa ganin gonar da ta zama rami, da uwar da ke hana ɗanta zuwa bakin ruwan, gama zurfinsa ya ci yara? Madubin hangen nesa yakan kawo abu ɗaya kusa, ya ɓoye sauran.

Samarin sun ce za su koma da damina. Dattijon ya roƙa a bar masa wuri a motar, gama kakansa yana cikin waɗanda aka kai a 1943.